Doguwar Tafiya Mai Tsawon Cokali

Duk wanda ya yi sallar Juma'a tare da mu a shekarun nan shida ya san abin da Alhaji Lawali yake yi da an sallame. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Zai nufi inda ya ɗaure kekensa, ya tattare rigarsa ya cusa a wando, ya ɗora hular kwano a kan hular da ya yi salla da ita, sannan ya dafa sirdi da hannu biyu ya danna sau uku. Keken ya durƙusa ya tashi, ya durƙusa ya tashi. Sai ya waiwayo ya yi mana, mu masu motoci, irin kallon da mai raƙumi yake yi wa mai jaki. In wani ya ce, "Alhaji, hula a kan hula?" amsar ba ta canzawa.

"Ina sane."

Ban taɓa ganin mutumin da kalma biyu suka wahalar kamar Alhaji ba. Na ga ya zuba gishiri a shayi a madadin sukari, aka yi masa magana, ya ce yana sane, ya shanye kofin tas idanunsa na hawaye. Na ga ya zo taron suna kwana ɗaya kafin ranar, ya ce yana sane, ya zo duba wurin ne. A rayuwarsa kuskure bai taɓa samunsa ba, sai dai shi ya same shi da gangan.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Isufu. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, wato taubasai muke tun daga Maraɗi. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, amma wasan taubasai bai san girma ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi ne nawa, har ya koma ga Allah ba a yanke shari'ar ba. Don haka wanda ya ji ina taɓa mamaci a ranar sadakar arba'in ɗinsa ya yi haƙuri, gadona nake ci. Kuma akwai wani sirri nasa game da keken nan da nake riƙe da shi shekara shida, ina ƙaiƙayin faɗa. Yau zan amayar da shi, da izininsa.

Abin ya faro ne lokacin da tsohuwar motarsa ta mutu a tsakiyar titin Gate City Boulevard, nan Amirka, mutuwar da ba tashi. A makon nan kuma likita ya ce masa sukarinsa ya hau, sai ya riƙa motsa jiki. Kun san Alhaji da tsimi, mutumin da yake shanya ganyen shayin da aka riga aka dafa don ya sake dafawa gobe. Ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Keke zai saya, babu mai, babu inshora, likita kuma ya samu abin da yake so. Daga gidansa zuwa katafaren siton da yake aiki a Wendover akwai ɗan nisa, saboda haka ba ƙaramin keke yake nema ba. Ya shiga wayarsa yana duba tallan kayan hannu, har ya ci karo da wani da aka rubuta wa "long travel". Nan take ya kira ni.

"Isufu, zo da motarka. Na samu keken doguwar tahiya."

Muka haɗu da mai sayarwa a filin ajiye motoci na wani babban kanti. Wani saurayin Bature ne, hannunsa ɗaya a ɗaure, an rataye masa shi a wuya. Ni tun daga hannun nan jikina ya ba ni. Da ya sauke keken kuwa sai na ƙara tsorata. Tayoyi kamar na babur, duk haƙora. Sifirin a gaba, wani sifirin a tsakiya. Kan keken faɗinsa ya kusa na ƙofar ɗaki. Babu wurin ɗaura kaya, babu ƙararrawa, babu fitila, ko ƙafar da ake jingine keke babu.

Na matsa kusa da shi na ce da Hausa, "Alhaji, keken tahiya ba wurin kaya? Bari in tambaye shi mi suke nuhi da travel ɗin nan."

"Shekarata ashirin da biyu a Amirka," in ji shi, "kai za ka hwassara mini travel? Da na sauka ƙasar nan kana Maraɗi kana bin awaki."

Ya juya wajen Baturen, ya gyara murya. "How long the travel?"

"One seventy," in ji yaron.

Alhaji ya dube ni a hankali, ya ɗaga gira. "Ka ji ko, bawa? Mil ɗari da saba'in. In je Raleigh in dawo, da sauran canji. Voilà."

Baturen ya buɗe yatsunsa biyu yana nuna wani ɗan tsawo a jikin sifirin na gaba, yana ta zuba bayani, Alhaji yana gyaɗa kai yana "I know, I know". Na tambayi yaron abin da ya samu hannunsa. Ya nuna keken da haɓa. Alhaji ya ce, "Bai iya ba ne." Abin da ya biya ba zan faɗa ba, saboda matarsa Hajiya Rakiya tana zaune a nan, kuma har yau ba ta san gaskiyar lamarin ba. Amma da mota ya so, da ya samu mai tafiya.

Ranar Litinin ya hau zuwa aiki. Abin da bai sani ba, keken nan an ƙera shi ne don gangarowa daga kan tsauni a guje, ta kan duwatsu da saiwoyin itatuwa. A kan kwalta kuwa ga nauyi, ga tayoyi suna gurnani, kuma duk takawar da ya yi wa feda sai sifirin ya shanye rabin ƙarfin. Sai dai ka hango Alhaji yana sama yana ƙasa, gaba kuwa sai a hankali. Wata tsohuwar Baturiya mai keken kwando ta wuce shi, ta tsaya ta sayi burodi, ta sake wuce shi. Ya isa sito an yi nisa da aiki, riga sharkaf. Baba Fuseini, mutumin zangon Kumasi da suke aiki tare, shi ya ba ni labarin isowar.

"Ei, Alhaji, ruwan sama ya buge ka?"

"Ina sane. Likita ya ce in yi gumi."

Mako biyu yana wannan azaba, sannan ya yanke hukunci cewa keken ne ba shi da lafiya. Muka ɗora shi a motata muka kai wani shagon gyara a cikin gari, kusa da Elm Street. Mai gyaran mace ce, hannunta duk baƙin mai. Alhaji ya shigar da ƙara. Ya ce keken mil ɗari da saba'in ne aka sayar masa, amma tafiyar da ba ta kai mil goma ba tana neman ransa. Matar ta dube shi, ta dubi keken, ta sake dubansa. Allah ya saka mata da alheri, ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko abin awo, ta danna kan keken ya nutse, ta sake shi ya taso. Ta ce a wajen masu irin wannan keke, travel shi ne iya nisan da sifirin yake nutsewa in taya ta daki dutse. Ɗari da saba'in ɗin kuma milimita ce. Ta kara abin awon a jikin ƙarfen ta nuna mana. Na duba da kyau, tsawon cokalin cin shinkafa ne.

Jama'a, doguwar tafiyar da Alhaji Lawali ya saya ke nan. Cokali guda.

Na fara jin tausayinsa. Ya shafa gemu, ya gyara zaman hula, ya dubi silin. Sannan ya ce wa matar, "I know." Ya juyo gare ni, don kada in ce ban ji ba, ya maimaita da Hausa.

A mota na yi dariya har sai da na sauka gefen titi, don na daina ganin hanya. Shi kuwa yana kallon gabansa kamar ba tare muke ba. Da na lafa ya ce, "In na ji maganar nan a bakin wani, Isufu, ni da kai har lahira."

"Zan yi shiru," na ce, "amma da sharaɗi. Ka ce: ban sani ba. Kalma uku kacal. Daga ni sai kai sai Allah."

"Sai ka jira."

"To in kana sane, mi ya sa ka sayi keken tsauni?"

"Don in hau tsauni mana."

"Kai?"

"Ni. Asabar."

Baki shi ke yanka wuya. Dattijo mai shekara hamsin da takwas, wanda tudun da ya fi sani a duniya shi ne jigawar bayan garinsu, ya ɗauki alkawarin hawan tsauni don kawai kada ya ce wa taubashinsa bai sani ba. Ni kuwa na lashi takobin sai na ji kalmomin nan uku daga bakinsa, ko da za mu tsufa a kai.

Asabar ɗin ba mu je tsauni ba tukuna. Mun je dajin bakin tafki a arewacin gari, inda masu irin wannan keke suka fitar da 'yan siraran hanyoyi a tsakanin itatuwa. Na tsaya a gindin gangaren farko ina kallo. To, a Maraɗi Alhaji ya yi shekaru a kan babur, kuma kun san a babur abin matsawa na hannun hagu kuloci ne. A keke kuwa birkin gaba ne, kuma birkin wannan keken yatsa ɗaya ya ishe shi. Alhaji ya shigo gangare, ya ji gudu ya yi yawa, hannunsa ya tuna Maraɗi, ya damƙe hagu da yatsu huɗu. Keken ya tsaya cak. Alhaji bai tsaya ba. Ya wuce ta saman kan keken da shi da rigarsa, ya sauka da ka a cikin taɓo.

Na ruga ina salati, kuma gaskiya na tsorata, don na ga yadda wuyansa ya lanƙwashe. Ina tunanin abin da zan gaya wa Hajiya sai ya motsa, ya ɗago, taɓo har cikin gemu.

"Alhaji, don Allah ka hwaɗi kalma ukun nan mu koma gida, mu sai da abin nan tun muna da rai."

Ya tofar da wani ganye. Ya ƙwanƙwasa hular kwanon da yatsa.

"Ina sane. Hular nike gwadawa. Mai kyau ce."

Ya tura keken ya koma sama ya sake gangarowa. A ranar sau biyar ya gwada hular. Da muka koma gida Hajiya ta ga rigar ta tambaye shi ko gini ya koma yi, ya ce mata wanki ya kawo mata don kada ta yi kewa.

Maganar koko kuwa da yawanku kuna wurin, amma ba ku san farkonta ba. Tayoyin keken nan babu tib a cikinsu. Wani farin ruwa mai kauri ake ɗurawa, in ƙaya ko ƙusa ta huda taya sai ruwan ya toshe ramin da kansa. Illarsa yana bushewa, bayan 'yan watanni sai an sayi sabo. Muka koma shagon matar nan, Alhaji ya ɗauki kwalbar, ya ji farashi, ya girgiza ta, ya buɗe ya shinshina, ya mayar inda ya ɗauka.

"Wanga ai ƙullu ne," in ji shi. "Ƙullu za a sai da mini a kwalba? Ni da nike da Rakiya a gida?"

Ya je ya ɗebi ƙullun kokon Hajiya ya ɗura wa tayoyin nan biyu. A watan Yuli ne, lokacin da zafin garin nan yake dafa mutum a cikin rigarsa. Keken kuma a falo yake kwana, kusa da talabijin, domin Alhaji bai yarda da baranda ba. Kwana uku sai wani wari ya fara tashi a gidan. Hajiya ta wanke firji, ta zubar da shara, ta leƙa ƙarƙashin kujeru tana neman mushen ɓera, har ta fara zargin maƙwabta. Alhaji yana zaune yana jan carbi, ya ce shi bai ji komai ba.

Ranar Juma'a ya fito daga masallaci, ya tattare riga, ya ɗora hula a kan hula, ya dafa sirdi. Ashe a hanya ya taka ƙusa. Ya danna na ɗaya, lafiya. Na biyu, lafiya. A na uku ƙusar ta fita, tayar baya ta yi tsartuwa, ta feso abin da ta kwana biyar tana dafawa. Baba Fuseini ne a tsaye a wurin, cikin farar rigarsa sabuwa. Daga ƙirji har gwiwa. Bawan Allah bai yi fushi ba. Ya lakato da yatsa, ya kai hanci, ya yi nazari.

"Alhaji, wannan koko ne. Ya yi tsami ma. Ina kose?"

Har liman sai da ya dafa mota. Alhaji kuwa ya dubi rigar, ya dubi tayar da ta kwanta, fuskarsa ba alamar wasa.

"Ina sane. Sadakar Juma'a ce, kai Allah ya ba."

Tun daga ranar Hajiya take ɓoye ƙullunta a bayan kayan miya, shi kuma ya koma sayen na kwalba, yana cewa matar shagon yake taimaka wa.

Tsaunin gaske sai a shekara ta biyu muka je, can yammacin jihar, tafiyar kusan awa uku a motata. A wurin akwai masu motar da suke kwasar mahaya da kekunansu su kai su ƙoli, mutum ya gangaro, ya sake shiga mota. Haka kowa yake yi, don keken nan ba a yi shi don hawa ba. Alhaji ya ji ana biya.

"In biya a kai ni inda Allah ya ba ni ƙahwar zuwa? Bon. Ku tahi, ina nan tahe."

Ya kama kan keken ya fara turawa a kan hanyar tsakuwa. Motar ta wuce shi da samari suna ɗaga masa hannu. Suka gangaro, suka sake hawa, suka sake wuce shi. A zuwa na huɗu direban ya tsaya ya ce ya shigo kyauta. Alhaji ya ƙi, wai yanzu in ya shiga, wahalar da ya riga ya sha ta tashi a banza. Ya fara hawan da hantsi, ya kai ƙoli bayan azahar. Ya yi sallarsa a can. Ni ina ƙasa a inuwa, na cinye kilishin da muka zo da shi, nawa da nasa, don ban ga alamar zai dawo ya nema ba.

Gangarowar ba ta kai rubu'in awa ba. Na fara jin ƙarar duwatsu, sai ga shi ya ɓullo daga cikin itatuwa, a tsaye a kan feda, gwiwoyi a lanƙwashe, riga tana kaɗawa a bayansa, keken yana haɗiye duwatsun da ni ko da ƙafa ba zan taka ba. Ya zo gabana ya tsaya, da yatsa ɗaya. Ya cire hular kwano. Tun ina yaro na san Alhaji, ban taɓa ganin fuskarsa a buɗe haka ba.

"Isufu," in ji shi, yana haki, "ashe haka abin yake."

Na yi wuf na miƙe. "Ashe? Ka ce ashe! Mai cewa ashe bai sani ba. Ƙarasa, saura kaɗan."

Ya dube ni, ya mayar da numfashi, ya goge gumi.

"Kai nike taya mamaki. Ina kilishina?"

Daga ranar nan abin ya tashi daga taurin kai ya koma so. Aiki dai bas ya koma shiga, abin da ya kamata ya yi tun farko, amma Asabar da Lahadi ba ka samunsa a gida. Sukarin ya sauka, tumbin ya tafi. Samarin dajin suka san shi, in sun tarar da shi yana salla a gefen hanya sai su sauka su tura kekunansu a hankali har su wuce. Wata rana muna dawowa na tambaye shi abin da yake samu a ciki, ba da tsokana ba. Ya ce tun da ya zo ƙasar nan kansa bai taɓa yin shiru ba, in ba takardu ba aiki, in ba aiki ba kiran 'yan uwa daga gida. "A gangare kuwa," in ji shi, "in ka tuna wani abu, itace za ya tuna maka inda kake." Ya ce nan ne kaɗai yake hutawa.

Ni kuwa ban fasa bin bakinsa ba. Kowace salla, ƙarama da babba, in na je yi masa barka, sai in ce, "Alhaji, goron sallata kalma uku ne." Ya ce, "Sai ka jira." Hajiya ta sha tambayata wace magana ce wannan tsakaninmu, in ce mata sirrin bayi ne. Na tsara yadda zan yi ranar da zai faɗa. Zan ɗauke shi a waya, in sa ya maimaita, in taka rawa a gabansa.

Bara ya fara ramewa, ramar da ba ta keke ba. Ya daina zuwa tsauni, sannan ya daina zuwa bakin tafki, amma bai daina danna sirdi sau uku a bakin masallaci ba, ko da turawa zai yi zuwa gida. Da aka matsa masa ya je asibiti, likitoci suka ce ciwo ne a cikinsa, kuma ya riga ya yi nisa. Hajiya ta ce da likitan ya gama bayani, Alhaji ya ce masa, "I know." A wannan karon da gaskiyarsa, domin ya yi watanni yana jin abin a jikinsa ya ɓoye.

Kwana uku kafin rasuwarsa na je wurinsa a asibiti bayan la'asar. Hajiya ta fita yin alwala. An kawo masa abinci yana gefe, bai taɓa ba. Muna 'yar hira sai ya miƙa hannu a hankali ya ɗauki cokalin da ke kan farantin, ya ɗaga shi tsakanina da shi.

"Isufu, ka tuna?"

"Na tuna."

Ya yi murmushi. "Ban sani ba."

Na dubi cokalin.

"Walle ban sani ba. Mil nike tsammani."

Shekara shida ina jiran kalmomin nan. Wayata tana aljihu, ban ko taɓa ta ba. Na san mutumina. Ranar da Alhaji Lawali ya ce bai sani ba, ya gama ɗaure kayansa ke nan. Na ji ba na so. Na fi son in yi ta jira har mu tsufa tare, yana ce mini in jira.

Na ce, "Ƙarya kake, bawa. Kana sane."

"Na ce maka ban sani ba."

"Kana sane. Ni ne shaida, a gabana ka saya."

"Kai dai ba ka da kunya. Mutum shina kwance kana yi mashi gardama?"

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta tarar da dattawa biyu suna jayayya a kan cokali, ɗaya na dariya yana tari, ɗaya na share fuska da hannun riga. Ta ja ƙofa ta koma.

Da ya huta ya ce, "In na tahi ka ba su labari. Ranar arba'in za su taru su yi ta sa Rakiya kuka. Ka tashi ka tona mini asiri, su yi dariya. Keken kuma naka ne, ka rage wanga tumbi. Ka riƙe abu guda, hagu ba kuloci ba ne." Ya ajiye cokalin a kan zanin gado. "Tahiyar cokali na yi ta na gama, kuma na ji daɗinta. Wadda ke gabana ita ce doguwar. Ita kam ina sane."

To, Alhaji, na cika alkawari. Ga su nan sun yi dariya, har Hajiya na gani tana rufe baki da mayafi, ko da yake na san anjima za ta tsare ni sai na gaya mata abin da ka biya. Keken yana falona kusa da talabijin. Asabar da ta wuce na kai shi bakin tafki, na danna sirdi sau uku na hau. Sau biyu na gwada hular, har yanzu mai kyau ce. Da na tashi daga taɓon na waiga in ga wanda zai yi mini dariya, babu kowa.

Allah ya jiƙan Alhaji Lawali, ya sauƙaƙa masa doguwar tafiyarsa, ya sa Aljanna ce masauki. Allah ya ba Hajiya Rakiya haƙuri, da mu baki ɗaya. Ya Ubangiji, ka gafarta masa abin da ya yi yana sane, da wanda ya yi bai sani ba.